Tarihin Yauri da ruwan Kainji ya rufe: Wa zai karɓi masu yi wa ƙasa hidima su ceto abin da ya rage?

Yaron da yake da shekara 12 a lokacin da ruwan Kainji ya fara hawa kan gonaki da gidajen mutanen bakin Kogin Neja a 1968, yau dattijo ne mai shekara 70 ko kusa da haka. Yana cikin mafiya ƙarancin shekaru da za su iya nuna wani wuri a tsakiyar tafkin su ce nan kasuwa take, can maƙabarta, ga kuma filin da ake kokawa bayan an gama aikin gona. Waɗanda suka girme shi, da suka yi aure suka haihu a tsibiran kafin a tashe su, kullum raguwa suke yi.

A gefe guda kuma, duk shekara gwamnatin tarayya na turo matasan da suka gama jami'a da manyan kwalejoji zuwa Jihar Kebbi. Sukan yi mako uku a sansanin horo, sannan a rarraba su cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar, har da Yauri da Ngaski da Shanga, waɗanda su ukun ne suka haɗu suka zama Masarautar Yauri. A cikin matasan akan samu wanda ya karanta tarihi, da wanda ya karanta ilimin harsuna, da mai digirin kula da ɗakin karatu, da ɗan jarida. Da wuya a ga wanda ba ya riƙe da wayar da za ta naɗi murya ta kuma ɗauki hoton takarda.

Ga dattawa masu labari, ga matasa masu ilimi da gwamnati ta riga ta ɗauki nauyin alawus ɗinsu. A ido, haɗa su ba abu ne mai wuya ba. Sai dai akwai wanda ya kamata ya tsaya a tsakaninsu, wato mai masauki: ƙungiya ko gidan da zai karɓi baƙon, ya yanka masa aiki, ya duba aikin, sannan ya riƙe abin da aka tara bayan baƙon ya koma garinsu. A nan ne gizo ke saƙar.

Ƙofar da aka buɗe

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa hukumar NYSC a ranar 22 ga Mayun 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, da nufin matasa su san wani sashe na ƙasar da ba nasu ba. Shi ya sa ake tura mutum nesa da gida. Tun wajen 2012 aka taƙaita wuraren da ake tura su ga fannoni huɗu: ilimi, lafiya, noma da ayyukan raya karkara. A aikace, mafi yawansu aji suke shiga, ko me suka karanta.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Matasa, Ayodele Olawande, ya ɗage wannan takunkumi, ya ce a riƙa tura su har wuraren da ba na gwamnati ba, kuma a yi la'akari da abin da kowa ya karanta. Hankalin jama'a ya tafi kan bankuna da kamfanonin mai na Legas da Abuja. Amma hujjar da ta sa a tura mai digirin akanta banki, ita ce kuma za ta sa a tura mai digirin tarihi inda ake aikin tarihi.

Sai batun kuɗi. An ƙara alawus ɗin wata daga naira 33,000 zuwa 77,000, aka fara biya a watan Maris na 2025. A shekara, kuɗin kowane mutum ɗaya ya kama naira 924,000. Ƙaramar ƙungiyar gari da ke rayuwa da karo-karon mambobinta ba za ta iya biyan mai digiri wannan kuɗi ba. Ta hanyar NYSC kuwa za ta iya samun sa, abin da ake nema daga gare ta shi ne ɗakin kwana da ɗan abin sufuri.

Abin da ke ƙasa, da abin da ke baki

Yauri ba ƙaramar ƙasa ba ce a tarihi. Tana kan tsohuwar hanyar fatake da ke tafiya Gwanja sayen goro, kuma ganuwar Birnin Yauri, tsohuwar hedikwatar masarautar da yanzu take cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, ta daɗe da zama kufai. Rikicin sarauta na ƙarni na 19 ya sa sarakuna suka bar birnin suka koma tsibirin Ikum, kafin a tsayar da Yelwa a matsayin mazaunin sarki a 1888.

Turawa ma sun san garin tun da wuri. Ta Yauri Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ya halaka a ruwan Bussa. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo suka yi makonni a Yauri suna neman takardunsa a wurin sarki, ba su samu ba. Wato kusan shekara 200 ke nan da aka fara zuwa ƙasar neman takardar da ta ɓata.

Babban sauyi ya zo ne da madatsar Kainji, da aka gina daga 1964 zuwa 1968. Ita madatsar tana cikin Jihar Neja ta yanzu, amma tafkin da ta haifar, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, ya miƙo arewa har ƙasar Yauri. An tashi mutum kimanin 44,000. Tsohuwar Bussa ta nutse, aka gina sabuwa. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga "gungu" ya fito, wato tsibiri, da yawansu sun bar tsibiran da suke noman albasa da kamun kifi suka koma sababbin ƙauyukan da aka gina musu a tudu.

Kafin ruwan ya iso, masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun yi aikin gaggawa a yankin. A wani tudu kusa da Yelwa sun tono ƙananan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu da kayan ƙarfe, waɗanda awo ya nuna an yi su tsakanin ƙarni na 2 da na 7 bayan haihuwar Annabi Isa. Rahotannin aikin sun fito da Turanci a mujallun masana da ake bugawa a Ibadan. Ɗalibin sakandare a Yelwa zai iya gama makaranta bai taɓa jin cewa a bayan garinsu aka samo su ba.

Haka abin yake ga sauran rubuce-rubucen. Wani jami'in mulkin mallaka, P.G. Harris, ya buga bayanai kan Yauri a 1930. Wani Ba'amurke masanin al'adu, Frank Salamone, ya yi rubutu a shekarun 1970 kan yadda Gungawa ke rikiɗewa su zama Hausawa, har da kan kokawarsu. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, kan Yauri ta ƙarni na 19 ya yi kundin digirinsa na biyu a Zariya a 1968, shekarar da ruwan ya hau. Fayilolin Lardin Sakkwato kuma suna Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna. Tarihin yana nan a rubuce gwargwado, amma a warwatse, nesa da masu shi, kuma cikin harshen da yawancinsu ba sa karantawa.

Wanda ba a rubuta ba ya fi yawa, kuma shi ya fi saurin tafiya. Harshen Shangawa, wanda dangin harsunan Mande ne na can yammacin Afirka, 'yan ƙauyuka kaɗan ne suka rage ana jin sa. Sauran jama'ar sun koma Hausa. Tsureshe na Gungawa, da harsunan Lopawa da Larawa na bakin tafki, da na Kambari, duk suna fuskantar matsin Hausa, kowanne da gwargwadonsa. Idan harshe ya tafi, yakan tafi da sunayen wurare, da sunayen kifaye da tarkuna, da kirarin dangi. Ga kuma littattafan malamai na Larabci da ajami da ke cikin gafaka a ɗakunan da gara da yoyon damina ke ziyarta, da tsofaffin hotuna da wasiƙu da rasiɗan haraji a akwatunan gidajen sarauta.

Bikin Rigata, da ake danganta asalinsa da farautar dorina a cikin jirage, ya dawo da idon jama'a kan kogin a 'yan shekarun nan. Biki abu ne mai kyau, amma na kwana biyu ko uku ne. Argungu na da nata bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, sannan tana da Gidan Tarihi na Kanta, ginin 1831 da ya kasance fada har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Bambancin biki da gida shi ne, gida na buɗe ranar da babu baƙi.

Mai masauki

A ƙasa irin Yauri, masu riƙe da tarihi ba manyan cibiyoyi ba ne masu ofis da ma'aikata. Fada ce da gidajen hakimai, da ƙungiyoyin ci-gaban gari da na ƙabilu, da zuri'ar malamai, da tsofaffin malaman makaranta da suka yi ritaya suna rubuta tarihin garinsu a littafin rubutu na 'yan makaranta. Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan tsaya ne a kan mutum ɗaya ko biyu. Sakatare na da aikinsa na gwamnati, shugaba na zaune a Birnin Kebbi ko Abuja, taro kuma sai da Sallah.

Tsarin NYSC kuwa yana buƙatar mai masauki na kullum. Sai an rubuta takardar neman mai hidima. Sai an karɓe shi a rubuce. Duk wata sai mai masauki ya sa hannu a takardar shaidar cewa ya yi aiki kafin jami'in hukumar na ƙaramar hukuma ya tantance shi a biya shi. Ƙungiyar da ba ta da rajista, ba ta da adireshi, ba ta da wanda zai zauna da baƙo ranar Litinin da safe, ba za ta iya wannan ba. In ma ta iya samun mutumin, abin da zai biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa shiga sakatariyar ƙaramar hukuma: matashi ya zo ya sa hannu ya zauna a benci yana latsa waya, bayan wata biyu ya daidaita da mai gida ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata.

Ba a cika ɗora laifin wannan inda ya dace ba. Akan ce matasan yanzu ba sa son aiki. Gaskiyar ita ce mai hidima ba ya zuwa da aiki a jakarsa. Mai digirin tarihi ya karanta littattafai ya rubuta jarrabawa, amma ba lallai ne ya taɓa riƙe takardar da ta shekara ɗari ba, ko ya zauna gaban tsohuwa ya san tambayar da zai fara da ita. Karɓar sa aiki ne a kan mai masauki kafin ya zama taimako. Ƙungiyar da ta nemi mai hidima don ba ta da kowa, ita ce ta fi kowa rashin abin da za ta riƙe shi da shi.

Sannan shekarar ma ba shekara ba ce. A cire mako uku na sansani, a cire makonnin neman ɗaki da sabawa da gari, a cire hutu da shirin tafiya, abin da ya rage bai fi wata goma ba. Ranar da mutum ya fara gane wane gida ake fara gaisarwa, da wane dattijo ne ba a zuwa wurinsa sai da rakiya, ranar ce ake kiran sa karɓar takardar sallama. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana. Don haka aikin da za a ba shi dole ya zama mai iyaka, wanda za a iya ƙirgawa a kuma miƙa wa na baya: jerin littattafan gida kaza, hotunan takardun akwati kaza, hira da dattawan ƙauye kaza. Ba "kula da tarihin gari" ba.

Da wane baki za a yi hirar?

Tunda manufar NYSC ita ce a kai mutum inda ba nasa ba, wanda aka turo Shanga na iya zama ɗan Enugu ko Ekiti da bai taɓa jin Hausa ba, balle Shanganci. Ko wanda ya zo daga Kano ko Bauchi, Hausarsa za ta kai shi kasuwa da fada, amma ba za ta kai shi cikin waƙar daka ta tsohuwar Bagunga ba. Akwai ma haɗarin da ya fi wannan: idan aka yi hirar da Hausa don sauƙin mai tambaya, an naɗi labarin an bar harshen, alhali harshen na cikin abin da ake son cetowa.

Amurka ta taɓa yin irin wannan aiki, kuma darasinsa na nan. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin ƙasar ta ɗauki marubuta marasa aiki ta tura su yin hira da tsofaffin da aka haifa cikin bauta. An samu hira fiye da 2,300, kuma har yau da su ake rubuta tarihin bautar. Amma masana sun daɗe da lura cewa mafi yawan masu tambayar fararen fata ne, tsofaffin kuma sukan auna abin da za su faɗa musu. Wanda ke tambaya yana sauya amsar da ake ba shi.

A bakin tafkin Kainji ma haka ne. Labarin tashi ba labarin daɗi ba ne kawai na tuna da. Akwai batun diyya, da na gonar da aka bari da wadda aka samu, da na wanda ya riga wani zama a wuri, da na sarautar da ta koma wani gida. Dattijo zai ga matashi cikin kakin gwamnati ya zo da waya, ya yi tunanin ko ƙidaya ce, ko rabon tallafi, ko shari'ar fili. Zai ba shi amsar da ta dace da abin da ya zata.

Mafita ɗaya ce, kuma ba sabuwa ba ce: da ɗan gari akan ci gari. Kowane mai hidima a haɗa shi da matashin wurin, ɗalibin kwaleji a Yelwa ko malamin firamare mai jin harshen, shi ya yi tambaya, baƙon ya riƙe naɗi da rubutu da tsara fayil. Hirar mata kuma mace ta yi. A wannan tsari baƙon ne mataimaki, kuma abin da ya fi muhimmanci da zai bari ba fayil ba ne kaɗai, har da ɗan garin da ya koyi aikin a gefensa.

Hanya da ruwa

Ba za a yi maganar tura 'ya'yan mutane ƙauyukan Ngaski da Shanga a tsallake tsaro ba. A ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da ma'aikata, kuma sai a 2023 aka sako 'yan matan ƙarshe. Garin da tsohuwar ganuwa take, shi ne garin da iyaye a faɗin Najeriya suka sani da wannan labari. Makonni uku kafin haka, jirgin ruwa ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Dokar hukumar ta ba mai hidima damar neman sauyin wuri saboda tsaro ko rashin lafiya ko aure, kuma ba wanda zai zargi uwar da ta matsa wa ɗanta ya nema. Abin da wannan ke nufi ga aikin tarihi shi ne a zaunar da baƙi a cikin gari, inda akwai jami'an tsaro da asibiti, a bar shiga lunguna ga 'yan ƙasa da suka san lokacin da hanya ke da kyau. Littafi ana iya kawo shi gari a ɗauki hotonsa a mayar. Dattijo ana iya samun sa ranar kasuwa. Wanda kuma zai shiga kwalekwale, ƙungiyar da ba ta iya ba shi rigar kariya daga nutsewa ba ta da hurumin aika shi.

Ɓarnar da kyakkyawar niyya ke yi

Akwai wani abu a tsarin hidimar da ke tura matasa ga aikin da ido ke gani. Mai son lambar yabo ta jiha ko ta shugaban ƙasa yakan yi aikin kansa na taimakon al'umma: rijiya, ban-ɗaki, allon sanarwa a shataletale mai ɗauke da sunansa da lambar rukuninsa. Jerin littattafai ba shi da ƙyallen da za a yanka ranar buɗewa. Matashi mai zafin nama da aka kai shi kufai zai so ya gyara, ya shafe tsohon gini da siminti ya yi masa fenti. Siminti kuwa kan tsare danshi a cikin ginin ƙasa har ya rube daga ciki. Haka mai manna tsohuwar takarda da salatif, ko mai rufe ta da leda a inji. Ya lalata ta yana ganin ya adana.

Tono ya fi wannan haɗari. Dokar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana haƙar kayan tarihi ba tare da izini ba, ta kuma hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi. Ba a banza aka yi dokar ba. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da aka fi sacewa a Afirka. Ƙasar Yauri kuma wuri ne da ake haƙar zinare, inda ba a rasa masu diga da shebur da masu sayen abin da aka tono. Hoto ɗaya a Facebook mai nuna tudu da tsingaro da sunan ƙauye ya isa ya zama taswira ga ɓarawo.

Sai tambayar da ba a cika yi ba sai an makara: na wane ne abin da aka naɗa? Idan hira 50 na cikin wayar mai hidima, ranar da ya hau mota a tashar Yelwa tarihin ya hau tare da shi. Wayar na iya faɗawa ruwa, ana iya sace ta, yana iya goge fayilolin don ya samu wurin hotunan bikin aurensa. Kafin a naɗi kalma ɗaya ya kamata a san inda za a ajiye kwafi, aƙalla wuri biyu: ɗaya a hannun masu labarin, ɗaya a wata cibiya mai ɗorewa, kamar sashen tarihi na Jami'ar Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Gidan Arewa a Kaduna. A kuma tambayi dattijon tun farko, da harshensa, abin da ya yarda a yaɗa da abin da ya ce a rufe.

Yadda wasu suka yi

A Amurka akwai shirin hidimar ƙasa na AmeriCorps da aka kafa a 1993, kuma a jihohi irin su Ohio da West Virginia ana tura masu hidimarsa ƙananan gidajen tarihi da ƙungiyoyin adana tsofaffin gine-gine. Abin lura a tsarinsu shi ne ba kai tsaye ake miƙa mutum ga ƙaramar ƙungiya ba. Akwai babbar ƙungiya a tsakiya da ke riƙe da shirin, ita ke horar da matasan, ita ke karɓar buƙatun ƙananan, kuma kowace sai ta rubuta aikin da take so, ta ambaci wanda zai kula da mai hidimar, ta kuma ba da nata kason kuɗi. Nasu na sa-kai ne, ba dole ba, don haka wanda ya zo ya zo ne da son aikin.

Su ma sun ga rauninsa. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta soke tallafin AmeriCorps na kusan dala miliyan 400 a dare ɗaya, ayyuka suka tsaya cak har sai da aka je kotu. Ƙungiyar da ta jingina dukkan aikinta a kan ma'aikacin aro, takan tsaya ranar da mai shi ya karɓe.

Abin ɗauka a nan shi ne wannan ta tsakiyar. A Yauri, wadda ta fi dacewa da matsayin ita ce majalisar masarauta, tare da wani sashen tarihi na jami'a. Fada na da adireshi, tana da sakatare, kuma maganarta na buɗe ƙofar gidan da takardar gwamnati ba ta buɗewa. Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau karaga a 1999, tsohon shugaban jami'a ne da ya san darajar kundi. Sai dai a nan ma akwai abin kiyayewa. Tarihin da aka tara a inuwar fada yakan zama tarihin sarakuna, alhali Bakambare da Bashange da Basarke mai kamun kifi kowa na da nasa labarin, wani lokaci ma wanda bai yi daidai da na fada ba. Jami'a a cikin tafiyar ita za ta tsare musu wuri.

Aji fa?

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da za a yi: makarantun karkarar Kebbi na kukan rashin malamai, a wasu ma masu hidima ne ke riƙe da darussan kimiyya da Turanci. Cire mutum daga aji a kai shi ɗaukar hoton tsofaffin takardu zai yi wa iyaye da yawa wuyar haɗiya, kuma suna da gaskiya.

Amma ba ɗaruruwa ake magana ba. Mutum biyu ko uku a kowane rukuni sun isa a fara. Ga kuma ranar aikin ci-gaban al'umma da suke kira CDS, rana ɗaya a mako da kowane mai hidima ke bayarwa, kuma a cikin rukunonin da hukumar ta amince da su akwai na al'adu da yawon buɗe ido. Malamin da ke koyarwa kwana huɗu zai iya ba da rana ta biyar ga rubuta hirar da aka naɗa, ya kuma koma aji da ita. Yaran Wara su ji muryar kakarsu tana ba da labarin garin da ke ƙarƙashin ruwa, wannan ma darasi ne.

Kuɗin da ake buƙata ba na gini ba ne: ɗaki, kuɗin mashin, na'urar naɗar murya, ma'ajiyar fayil biyu, hasken rana na cajin waya, da ɗan abin hannu ga ɗan garin da ke rakiya, wanda shi gwamnati ba ta biyan sa. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa don al'ummomin da madatsun wutar lantarki suka shafa, Kebbi na cikin jihohinta, kuma tarihin mutanen da aka tasa domin a samar da wutar bai yi nisa da aikinta ba. Ɗakin Karatu na Birtaniya ma na da shirin tallafa wa ɗaukar hoton tsofaffin takardu da ke cikin haɗari, wanda ya riga ya yi aiki a arewacin Najeriya, amma yana neman cibiyar da za ta tsaya ta karɓi amanar.

Lissafin aikin kansa ba shi da yawa. Hirar awa ɗaya kan ci kwanaki kafin a rubuta ta a fassara a duba, don haka mai hidima ɗaya da abokin aikinsa ɗan gari ba za su wuce hira ɗaya a mako ba in ana son ta yi kyau. Cikin wata goma, hira 40 ke nan. Mutum uku, 120. Tunda rukunonin A da B da C na shigowa a lokuta daban-daban, na baya zai tarar da na gaba bai tafi ba, ya karɓi littafin rajista hannu da hannu.

Duk wannan na farawa ne da takarda ɗaya zuwa ofishin NYSC na jiha a Birnin Kebbi, mai ɗauke da sunan mai masauki, da fannin karatun da ake so, da aikin da za a yi, da ɗakin da aka tanada. Sai ta isa kafin a rufe sansanin horo, domin a ranar rufewar ake raba wa kowa takardar inda zai je.